Wanda Na Aika Ya Samo Ganyen

Kaka Adiza mai maganin ciwon gaɓoɓi ce, duk unguwarmu ta Maamobi an san ta. Bayan magariba takan ɗora man kaɗe a kurfotin gawayi, ta barbaɗa wani busasshen ganye da take ɓoyewa a gwangwanin madara, mu jikoki mu kewaye ta. Sai da na girma na gane wiwi ce. Ta ce sojojin da suka dawo daga yaƙin Bama ne suka zo da irinta, amma mu yara tatsuniya take ba mu.

"Ga ta nan, ku matso, amma kowa ya taɓa mini tukunya zai sha ludayi!"

Wai wata tsohuwa ce ƙafafunta suka ƙi tashi. Ɗanta maharbi ya shiga daji yana kuka, kurciya ta nuna masa ganye, ta ce a dafa a mai a shafa, kada a bari ya zama hayaƙi. Aka shafa, tsohuwa ta miƙe. Rannan maharbi ya jefa ganyen a garwashi ya shaƙa, ya kwana uku yana wa itatuwa dariya, da ƙyar aka dawo da hankalinsa. Da ciwon ya sake tashi, tsohuwa ta aike shi ya tsinko mata.

"Sai me, Kaka?"

"Sai me kuwa? Ana ba kura ajiyar nama?"

Dariya muka yi. Wallahi dariya na yi.

Bana ciwon daji ya shiga ƙashin mahaifiyata. Ƙwayoyin asibiti suka daina riƙe ta, tana ihu har maƙwabta suna rufe taga. Sai man Kaka ya faɗo mini. To ina zan samu ganyen? Ni da hijabina in je bakin gota, kwatar unguwar Nima inda 'yan wiwi ke taruwa, ina tambaya?

Ɗana Rashidu ya san wurin. Wata takwas ke nan da sallamo shi daga asibitin ƙwaƙwalwa saboda wiwi, ya koma ɗinkinsa a unguwar Kokomlemle, har ya yi ƙiba.

Ya ce, "Mma, don Allah kar ki aike ni can."

Na ce, "Kakarka ce fa! Je ka ka dawo, ba zama na ce ka yi ba."

Ya kawo, ya ajiye a bakin ƙofa bai shigo ba. Na dafa, na shafa wa mahaifiyata, ta yi barcin da ta yi sati ba ta samu ba.

Yau kwana tara ban ga Rashidu ba. Na taka har shataletalen Circle, na bi bakin gota da hotonsa ina roƙon mutanen da a da ko gaisuwarsu ba na amsawa. Tsoro nake ji, ba na iya cin abinci. Na riƙe yadda Kaka take haɗa mai tsaf, ƙarshen tatsuniyar kuwa na bar shi a tsakar gida.

Ɗazu ina shafa wa mahaifiyata man, ta buɗe ido ta ce, "Ina Rashidu?"

Na ce, "Na aike shi."