Ranar da Baba A-Hankali Ya Taka Ɗari

Shekara talatin da huɗu Baba A-Hankali ya yi yana dakon ƙwai, kuma allurar gudun motarsa ba ta taɓa wuce arba'in ba. Daga gonar kaji zuwa shagunan cikin gari kilomita shida ne, tsayawa goma sha ɗaya. Masu keke kan wuce shi su ɗaga masa hannu. Akwai wani tela a kwanar asibiti da ke cewa yakan hango motar daga nesa, ya ɗinke aljihu biyu kafin ta iso ƙofar shagonsa. Baba ko a jikinsa. Shi dai kiret ɗari da ashirin yake ɗauka, ɗari da ashirin yake saukewa, babu fasasshe ko ɗaya, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi sai ya sha wannan labari, ya tambaya ko bai tambaya ba.

Da tsohuwar motarsa ta gaji, 'ya'yansa suka haɗu suka saya masa sabuwar a-kori-kura mai shan dizal. Baba ya ɗauki son duniya ya ɗora mata. Shi ke wanke ta, shi ke goge ta, kuma ba a haifi wanda zai taɓa masa sitiyari ba. Abu ɗaya ne ke damunsa. Jefi-jefi, yana cikin rabon ƙwai, sai injin ya ɗaga murya, fanka ta hau kuka, wani ƙauri ya taso daga ƙarƙashi. Nan take tausayi zai kama shi, ya kashe ta, ya fito ya dafa mata kai yana yi mata sannu. Da wata fitila ruwan ɗorawa ta kunno a gaban sitiyari tana harararsa, sai ya yanko baƙin salatif ya liƙe ta, ya huta.

To, a garin kowace shekara sai an kai mota gwajin hayaƙi, in ta faɗi ba ta sake hawa titi. Babban ɗansa, wanda ya daɗe yana neman hanyar da zai zaunar da tsohon a gida, ya ce in motar ta faɗi a sayar da ita kawai, Baba ya huta haka nan. Har kujera mai kwanciya ya sayo ya ajiye a falo. Baba yana tsoron kujerar nan ƙwarai. Ya san ranar da ya zauna a kanta, shi da tashi ƙarfe shida da gaisawa da masu shaguna sai dai labari.

Ranar ƙarshe ta wa'adin gwajin, bayan ya sauke ƙwai, ya biya garejin surukinsa bakanike, mijin autarsa. Matarsa Uwargida na gefensa, don ta ce ita ma yau sai ta ga abin da zai faru. Surukin ya durƙusa ya gaida su, ya leƙa gaban sitiyari, ya ga salatif, ya haɗiye dariya da ƙyar. Ya ɓare shi, ya jona wata 'yar na'ura mai fuska kamar ta waya, ya daɗe yana kallonta yana sosa ƙeya.

Cikin ladabi ya yi musu bayani. Kafin salansa akwai wata tukunya da ke tare kunkunniyar hayaƙi don kada ta fita iska. In ta cika, motar da kanta take hura mata wuta ta ƙone dattin ya zama toka. Wannan shi ne kukan da ƙaurin da Baba ke ji. Na'urar ta nuna sau arba'in da bakwai motar na fara wanke cikinta ana kashe ta. Yanzu tukunyar ta cika kashi tamanin da huɗu cikin ɗari, kuma da fitilar nan a kunne, masu gwaji ko kallon motar ba za su yi ba.

Baba ya tambayi magani. Surukin ya sunkuyar da kai ƙasa.

"Baba, sai dai haƙuri. Gudu take so. A hau babban titi, a riƙe ta tamanin zuwa ɗari, rabin awa ba tsayawa."

Surukin ya ce shi zai iya kai ta ya dawo. Baba ya yi masa wani kallo, ya danna makulli a aljihu. Don haka aka miƙa wa Uwargida na'urar, aka nuna mata lambar da za ta sa wa ido, suka kama hanya.

A hamsin Baba ya fara gumi. A sittin ya karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Uwargida ta gyara tabarau ta ce lamba ba ta motsa ba.

"Malam, ba ƙwai a baya. Ka taka mana."

Ya taka. Saba'in, tamanin, itatuwan bakin hanya suka fara gudu da baya. Injin ya ɗaga muryar nan da ya saba, ƙaurin ya taso, hannunsa ya tafi wajen makulli da kansa, Uwargida ta make shi. Sai ga lamba ta sauko saba'in da tara. Ta buga cinya ta faɗa masa, shi kuwa ya ji wani abu ya tsirga masa tun daga tafin ƙafa har ƙeya, abin da rabonsa da shi tun yana saurayi.

A gabansu akwai wata tirela tana jan jiki. Baba bai taɓa wuce mota mai tafiya ba a rayuwarsa, bai ma san me ake yi wa wanda aka wuce ba. Ya sa sigina, ya duba madubi sau uku, ya fita, da ya zo daidai direban sai ya ɗaga hannu ya ba shi haƙuri. Uwargida ta yi dariya har tabarau ya faɗo mata a cinya. Shi ma ya fashe da ita, baki har kunne, allura na kan ɗari cif. Ya sauke gilashi don ya sha iska, iska ta ɗauke hularsa ta tafi da ita, ko waiwaye bai yi ba. Tana kiran lamba yana amsawa, sittin, arba'in da biyar, talatin, kamar yaran da aka taso daga makaranta.

Can ya lura ta daina kira. Ya saci kallon gaban sitiyari, ya ga fitila ta mutu. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun wajen gidan man da suka wuce, kusan kilomita goma baya.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Shekara talatin da huɗu ina zaune a gefenka ana wuce mu, Malam. Na ce bari mu ɗan ƙara."

Sun isa wajen gwaji saura minti ashirin a tashi. Wata ma'aikaciya ta zura bututu a salansa, ta jona na'urarta, ta sa shi ya taka totur sau uku. Baba na riƙe da sitiyari, kai ba hula. Matar ta duba allonta, ta buga hatimi, ta miƙo masa takarda ta taga, ta ce sai baɗi.

Ya gangara gefe ya tsaya. Ya karanta takardar sau biyu, dariyar ɗazu ta dawo masa, amma wannan karon da hawaye ta zo, don sai yanzu ya gane irin tsoron da ya kwana da shi wata guda. Uwargida ta miƙa masa gefen mayafinta ya share fuska. Sannan ya ciro waya ya kira manajan gonar kaji.

"Ni ne," ya ce. "Gobe ƙarfe bakwai a shirya mini lodi."