Baba Yunana da Kujerar Horo

Ranar Juma'a, lokacin da rabin Dubai ke ramuwar barci, Baba Yunana kan tashi da sassafe ya zauna bakin gado yana kankare baƙin mai daga faratansa da tsohon buroshin haƙori. Kwana shida yake yi yana sunkuye cikin motocin mutane a wani gareji a Ras Al Khor, yana gyaran na'urar sanyi. A ƙasar nan Juma'a ce ranar hutu, don haka ita ce Lahadinmu. Bas biyu yake hawa, kuma tara saura yana tsaye a bakin zauren da muke sujada, da farar rigarsa guda ɗaya da ta sha guga.

Mu 'yan Lutheran ɗin nan ba mu da gini. Zaure muke haya na awa ɗaya da rabi, kafin mu Indiyawa, bayanmu 'yan Habasha. Minti goma sha biyar ne tsakanin fitar na farko da shigarmu, kuma cikin wannan ɗan lokaci Baba Yunana zai sauke kujerun roba tamanin ya jera, ya buɗe teburi mai naɗewa, ya shimfiɗa farin ƙyalle, ya kafa gicciyen katako. Shekara goma sha ɗaya yana wannan. Ba a taɓa kiran sunansa cikin sanarwa ba, wasu ma sun ɗauka ma'aikacin masu zauren ne.

Taronmu kuwa gayya ce. Akwai Bachama da Lunguda daga Numan da Guyuk, akwai 'yan Tanzaniya, akwai gida biyu na Indiyawa, har da wata tsohuwa Bajamushiya mai rera waƙoƙin Hausa da wata irin murya da sai ka danne dariya. Mai shara da injiniya kafaɗa da kafaɗa suke zama. Tun ranar da aka kafa ikilisiyar aka rubuta a takarda cewa teburin Jibin Ubangiji na Ubangiji ne, duk mai baftisma ya matso, ba za a tambaye shi daga ina ya fito ba. Rubutawa dai ba ta da wuya. A shekara ta 2018 aka gwada mu, kuma in ban da makanikin nan da mun faɗi warwas.

Akwai wata yarinya Sharon, 'yar ƙauyen su Baba Yunana, tana aikin karɓar baƙi a wani otal a Al Rigga. Ta auri Rilwanu, Musulmi, mutumin Yola, ma'aikacin kantin magani. Duk Juma'a shi yake sauke ta a ƙofar zaure, ya gaida Baba Yunana da hannu biyu, ya wuce ya shirya wa masallaci. Babu wanda abin ya dama har sai da takarda ta zo daga dattawan majami'ar ƙauyensu, cewa an sa Sharon ƙarƙashin horo saboda auren.

Wanda ya tashi a majami'un gida ya san horo. Benci ne a can ƙarshe, kusa da ƙofa, an raba shi da sauran. Wanda aka hora nan zai zauna, ba ya waƙa cikin mawaƙa, ba ya cin Jibi, duk mai shigowa sai ya gan shi, yara su yi ta leƙe. Wani wata shida, wani sai shekaru.

Takardar ta zo hannun Dattijo Elkana, shugaban dattawanmu, shi ma ɗan ƙauyen ne. Kada kowa ya ce Elkana mugu ne. Shi ne mai zuwa asibiti duba marasa lafiya, shi ne mai nemo wa sababbin zuwa wurin kwana. Tsoro ne ya kama shi, kada a ce a gida 'yan Dubai sun ga kuɗi sun watsar da tarbiyya. Faston da ke ba mu Jibi kuma ɗan Tanzaniya ne, sau ɗaya a wata yake zuwa daga Sharja, saboda haka maganar Elkana ita ce magana.

Ranar Juma'ar Jibi, Elkana ya riga jama'a zuwa, ya tarar da Baba Yunana yana sauke kujeru.

"Baba, yau za a ware kujera ɗaya a baya, ta Sharon ce."

"Dattijo, kujeru tamanin nake jerawa, kuma duk iri ɗaya ne. Ban san ta horo a cikinsu ba."

"Umarnin gida ne, Baba."

"To gida ya zo ya jera."

Elkana ya ɗauki kujera da kansa, ya kai ta can baya, ya dire ta ita kaɗai, taku uku daga bango. Ya nuna tayil ɗin da ƙafarsa ya ce, "Nan za ta tsaya. Wanda ya gusar da ita, sunansa zai bi na Sharon zuwa gida. Khalas, magana ta ƙare." Sannan ya fita tarbar fasto.

Baba Yunana ya san abin da ake nufi. Shekarunsa sun kusa sittin, gida zai koma, a majami'ar ƙauyen nan aka yi masa baftisma, can kuma yake so a yi masa addu'ar ƙarshe. In aka rubuta sunansa, bencin baya ne zai tarbe shi ranar da ya sauka. Ya tsaya yana kallon kujerar, ransa ya ɓaci ƙwarai. Saura minti goma sha biyu.

Bai gusar da ita ba. Juya ta kawai ya yi a kan tayil ɗinta, ta fuskanci bangon baya. Sai ya ɗauko teburin ya buɗe shi jikin wannan bango, ya shimfiɗa ƙyalle, ya kafa gicciye. Ya koma ya jera kujeru saba'in da tara, layin farko dama da hagu da ta Sharon, sauran a bayanta, duk suna kallon inda a da ake kira baya. Zaure ne na haya, ba bagadin siminti, ba mumbari, gabansa shi ne duk inda Baba Yunana ya ajiye teburi. Shekara da shekaru muna shiga muna fita, babu wanda ya lura da haka sai mai ɗaukar teburin.

Mutane suka fara shigowa, kowa ya yi turus a ƙofa, ga teburi a gefen hannunsa. Sharon ta shigo kanta a ƙasa, an riga an gaya mata ta waya, ta kwana tana kuka, ta kuma ƙudura cewa daga yau ba za ta sake zuwa ba. Tana neman kujerar kunya, Baba Yunana ya tare ta.

"'Yata, ga wurin da Dattijo ya zaɓa miki. Ban matsar da shi ba."

"Baba, ai nan gaba ne."

"Yau dai haka ya zama. Yalla, maza zauna, lokaci na tafiya."

Da Elkana ya shigo da fasto, fuskarsa ta canza. Amma agogo ba ya jira, 'yan Habasha na nan tafe, babu halin sake jeri. Fasto ya tambayi abin da ya faru, aka gaya masa a gurguje, ya dubi Sharon, ya dubi makanikin, ya buɗe littafinsa ya fara sujada.

Lokacin Jibi ya yi. A al'adarmu fasto ke ba da gurasa, dattijo na biye da ƙoƙo, kuma daga layin gaba ake farawa. Fasto ya sa wa Sharon gurasa a tafin hannu. Elkana ya zo gabanta da ƙoƙo ya tsaya. Can sai ya juya ya ajiye ƙoƙon a kan teburi, ya fita waje. Fasto ya ɗaga ido yana neman wani dattijo, kowa ya sunkuyar da kai, har da masu bakin wa'azin ƙauna. Ni ma mai wannan rubutu ina cikin waɗanda suka sunkuya, kuma har yau ina jin kunyar abin.

Kai ne ka tashi, Baba Yunana. Kai da ba ka taɓa riƙe ƙoƙon nan ba sai wajen wanki. Ka goge hannunka a jikin farar rigarka, ka ɗauki ƙoƙon, ka miƙa mata, ka faɗi kalmomin da Hausa: "Jinin Almasihu, wanda aka zubar dominki." Ka bi layi har kujera ta ƙarshe, ba ka tsallake kowa ba. Na Guyuk, ka fi ƙarfin takarda.

Elkana ya cika maganarsa, ya rubuta. Amsa ta zo cewa Yunana ya raina dattawa, horon wata shida na jiransa duk ranar da ya dawo. Wasu suka ba shi shawara ya je ya ba da haƙuri a kashe maganar. Ya ce, "In na taka wani, zan durƙusa har ƙasa. Amma kujera na juya, kuma gobe ma in aka ware ta zan sake juyawa." Bayan wata biyu Elkana ya dawo sujada, Baba Yunana ya tarbe shi da gaisuwa kamar kullum, ya nuna masa wuri. Ba su taɓa tada zancen ba, kuma ba a sake ware wa kowa kujera a zauren nan ba. Sharon tana nan cikin mawaƙa.

Da annobar korona ta lafa aka sake buɗe zaure, doka ta ce a bar tazarar taku biyu tsakanin kujeru. Baba Yunana ya jera su ɗaya-ɗaya, ya tsaya yana kallonmu kowa a ware, bakinsa cikin takunkumi, ya ce, "To, yau dai dukanmu muna horo, har da Dattijo." Elkana ma sai da ya yi dariya.

Yanzu ga shi a ƙarshen 2021 gwiwoyi sun gaji, biza ta ƙare, Baba Yunana zai tafi gida. Mun gode, Baba. Mun gode da gumin da ka zubar kafin mu iso da turarenmu, mun gode da ka hana mu zama maƙaryata a gaban takardar da muka rubuta da hannunmu. Ku kuma masu karatu, musamman mu masu iya magana a taron dattawa, kada mu tsaya yabo kawai. Kowa akwai teburin da aka ba shi ɗauka, a ofis ne ko a gida ko a majami'a, kuma ya san wanda aka tura baya a wurin. Ya tashi ya yi abin da hannunsa zai iya.

A Juma'arsa ta ƙarshe, Elkana ya same shi yana tara kujeru, ya ce cikin sanyin murya, "Baba, zan rubuta musu su janye horon. Ni na jawo."

Baba Yunana ya ɗora kujerar da ke hannunsa a kan 'yan'uwanta, ya girgiza kai.

"Bar shi, Dattijo. Kai yaro ne lokacin, ba za ka tuna ba. Da babanmu ya mutu, burkutu uwata ta riƙa dafawa ta ciyar da mu, aka sa ta a bencin nan. Shekara tara tana kai, har ta mutu ba ta sha ƙoƙon ba. Ni kuwa ina can gaba cikin mawaƙa, ban taɓa zuwa na zauna kusa da ita ba ko sau ɗaya, kunya nake ji. Ka bar ni in je in zauna. Akwai mutane a kansa har yanzu, kuma ba su kaɗai za su zauna ba."