Matar da Ta Bi Kiɗan Ɗanta

A unguwar Ulaisha aka haife ni, cikin wani tsohon gida da muke haya tare da wasu iyalai 'yan Damagaram. Idan sanyin Riyad ya shigo, irin mai fasa leɓen nan, kakata Hajiya Kande takan sa a hau mata da kaskon gawayi saman soro bayan magariba. Ta naɗe cikin bargo, ta ɗora butar shayi, mu kuma mu kewaye ta: ni da ƙanena Salisu da 'ya'yan maƙwabta. Da rana gyaɗa da goro take kasawa a bakin hanya wajen Baɗha, shi ya sa kullum zaninta ƙamshin soyayyar gyaɗa yake yi. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta kuma taɓa samu ba. Tun tana da ƙuruciyarta suka taso da ƙafa ita da kakanmu za su aikin hajji, suka yi shekaru a hanya, daga nan suka zauna ba su koma gida ba.

Mu yaran, Larabci ya fi zama a bakinmu, abin da ba ta so ke nan. "Ku tuɓe min wannan yaren a bakin matakala tare da takalmanku," haka take cewa. Salisu kuwa da gangan yake tsokanarta, ya kira ta kaka da Larabci: "Yalla ya Jidda, a fara!" Ta ɗaga mafici kamar za ta make shi. "Ji min mijin banza, ko cefane bai kawo ba yana ba da umarni." Sai mun gama dariya ta gyara murya ta ce, "To, ga ta can ta taho." Mu ce, "A shimfiɗa mata tabarma."

Tatsuniyoyinta na dariya sun fi yawa, amma akwai guda ɗaya da ba ta yi sai ranar da ta dawo kasuwa ba ta son magana. Labarin wata mai sayar da fura ne da ɗanta Nomau, saurayi makaɗin gurmi. Ran kasuwa yakan zauna gefen ƙwaryar uwarsa yana kiɗa, mutane su taru, fura ta ƙare tun kafin azahar. Wata rana 'yan samame suka faɗo wa kasuwar, aka watse, kowa ya yi ta kansa. Da ƙura ta lafa uwar ta dawo, ta tarar da ƙwaryarta a kife, babu Nomau, babu gurmi.

Ta ɗaura ɗamara ta kama hanya. Duk kasuwar da ta shiga sai ta rera kiɗan ɗanta da baki, ta tambaya ko an ji mai irinsa. A ce mata, "Ai jiya aka wuce da shi, da igiya a ƙugu, yana kiɗa yana kuka." Ta ƙara gaba. A kasuwa ta gaba ma a ce jiya. Ƙafafunta suka tsage, gashinta ya yi fari, ta shiga ƙasashen da ba a jin yarenta, sai da hannu take nuni. Daga ƙarshe ta iso bakin wani ruwa da ba a hango ƙarshensa. Nan ta ji masu dakon kaya suna rera kiɗan Nomau da wasu kalmomi da ba ta sani ba. Ta riƙe rigar ɗaya daga cikinsu. Ya nuna mata ruwan da leɓe.

A nan Kaka take shiga tona gawayi da tsinke.

"Sai me?" in ji Salisu.

"Sai ta zauna a bakin ruwan."

"Ba ta same shi ba?"

"Ba ta same shi ba."

Na tuna ranar da na fashe da kuka na ce wannan ba tatsuniya ba ce, ai tatsuniya da daɗi take ƙarewa, ta gyara. Ta dube ni ta cikin hayaƙi ta ce, "Rabi, ni ban iya gyara ta ba. In kin girma ki gyara." Ta rufe kaskon da faranti. "Wuta ta kwanta, kowa ya nemi bargonsa."

Ina gab da gama firamare aka yi kame a Baɗha. Wata maƙwabciyarmu ce ta dawo da tiren gyaɗar Kaka, ta ce an saka ta a mota ita da sauran mata. Aka kai ta tarhil, inda ake tara waɗanda za a mayar ƙasarsu. Umma, mahaifiyata, ba ta iya zuwa ganinta ba, don ita ma a lokacin takardunta sun mutu. Aka sauke tsohuwa a Nijar, a garin da duk wanda ta sani ya riga ya rasu. Wasu dangi na nesa suka ba ta ɗaki. Mun yi waya da ita 'yan lokuta, tana tambaya ko Salisu ya fara jin Hausa. Kafin damina ta zagayo aka aiko mana ta rasu. Ko kabarinta babu wanda ya taɓa gani a cikinmu.

Yanzu ina da aure da 'ya'ya, ina ƙunshi a wani shagon gyaran mata a unguwar Malaz. Sanyin da ya wuce mai shagon ta kama rumfa a wani bikin kiɗa da aka shirya a tsohon garin Dir'iyya, tsakanin gine-ginen laka da aka gyara aka ƙawata da fitilu, ta ce ni zan zauna ina yi wa baƙi zanen lalle. Ta ce kiɗan jaz ne da bulus. Ni da na ji bulus na ɗauka sunan wani mawaƙi ne.

Wurin ya cika da masu hali, ana ta sayar da gahawa da dabino da turare. Da farko wasu ne suka hau da ƙahonin ƙarfe da ganguna, ban fahimci inda suka dosa ba, na ci gaba da aikina. Can sai aka yi tsit. Wani tsoho baƙi ya fito shi kaɗai, ya zauna a kujera da jita a cinyarsa. Ya ja tsirkiya ɗaya ya lanƙwasa ta har ta yi kamar mutum na shessheƙa, sannan ya sa murya, a dishe, yana maimaita magana guda. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na san wannan tafiyar kiɗan. Haka Kaka take yi da hanci idan ta zo wurin da uwar Nomau ke shiga kasuwa.

Sai na ɓata furen da nake zana wa wata budurwa Balarabiya. Ta ce, "Salamat, ya khala, lafiya?" Na ce hayaƙin turare ne. Na tambaye ta me yake cewa. Ta saurara kaɗan ta ce, "Wai an tafi da wani nasa, ya je tasha bai tarar da kowa ba." Ta ƙara da cewa ai kakannin masu wannan kiɗan daga wajenmu aka kwashe su a jiragen ruwa. Ta faɗa ne da fara'a, tana hura lallenta ya bushe. Da ya gama aka yi ta tafi da shewa, wasu na ɗaukar hoto. Tsohon bai yi murmushi ba, ya ɗauki jitarsa ya sauka.

Washegari na je wurin Umma na ba ta labari, na ce abin ya tuna min da tatsuniyar Nomau. Ta ajiye tsintar shinkafar da take yi.

"Ke har yau tatsuniya kika ɗauke ta?"

Ta ce kafin a haife ta Kaka tana da ɗa namiji, Idi, wanda suka taso da shi daga gida. A wani gari cikin Sudan suka tsaya aikin gonar auduga don su sami guzuri. Wani abokin tafiyarsu ya ce zai je da yaron kasuwa ya saya masa takalmi, daga nan ba a sake ganin ko ɗayansu ba. Kaka ta yi ta bin kasuwanni har bakin teku. Da jirgi ya zo kakanmu ya ce ko ta shiga ko ya tafi ya bar ta.

"Ta shiga?"

"Da ba ta shiga ba, da wa zai haife ni?" Umma ta ja tiren shinkafarta. "Sau ɗaya ta taɓa gaya min, ta ce kar in sake tambayarta."

Ina yarinya na ɗauka Kaka tsorata mu take yi don kar mu yi nisa da manya a kasuwa. Ban san muna zaune ne muna shan shayi, tsohuwa na ba mu labarin abin da ya fi ƙarfin bakinta ta hanyar da za ta iya ba. Matar cikin labarin ta zauna a bakin ruwa. Ita kuwa ta haye, ta haifi uwata, ta soya gyaɗa ta ciyar da mu, kuma ban san sau nawa ta tambayi kanta ko daidai ta yi ba.

Idan Kawu Idi yana nan, yanzu tsoho ne tukuf, yana amsa wani suna a wani yare. Na gaya wa 'ya'yana sunansa na gaskiya. Idan na idar da salla nakan yi wa namu addu'a, masu rai daban, waɗanda suka riga mu daban. Duk sanda na zo kansa sai in tsaya, don ban san a wane ɓangaren zan sa shi ba.