Ritayar Dokin Rake

Duk shekara idan ruwa ya ɗauke, dawa ta fara sunkuyar da kai, akwai wani Bakano da ke hawo tsohon babur ɗinsa daga Sabon Gari ya same mu a bayan Samaru. Malamin dabbobi ne da ya yi ritaya, ya buɗe ɗan shagon magani a unguwar PZ. Ni kuwa Bazazzagi, an san wasan da ke tsakaninmu da Kanawa. Tun bai kashe babur ba nake tambayarsa ko ya zo gai da ubangidansa ne.

"Bawana, kama mini tunkiyar can ka bar surutu," abin da yake cewa ke nan.

Damina takan bar dabba da tsutsar ciki da kaska, wata har kofato ya ruɓe. Sai ya ɗura wa tumakin uwargida magani, ya yi wa shanun noman maƙwabcina allura, ya ce a jiƙa musu kanwa. Ni firamare ma ban ƙarasa ba, amma sai na karɓi kwalbar na ƙura mata ido na ce na amince, sannan ake buɗe ta. Aiki sai da izinin manya.

Dokina ake bari ƙarshe. Ja ne, bai taɓa ɗaukar sirdi ba. Aikinsa matse rake. A fadamarmu ta hanyar Shika akwai injin ƙarfe mai doguwar sanda. A ɗaura wa dokin sandar ya yi ta zagaye, ana cusa rake, ruwan na zuba, a dafa ya zama mazarƙwaila. Da kaka ake fara wannan aiki, shi ya sa sai malam ya duba shi ya ce ya isa.

A shekarar da wayar hannu ta fara shiga aljihun kowa, ya buɗe bakin dokin ya daɗe yana leƙe, ya shafa gwiwoyinsa. Bakano ya yi shiru, ai ka san ba lafiya.

"Haƙora sun cinye, gwiwa ta kumbura," in ji shi. "Wannan ya gama bauta. A bar shi ya huta."

Na ce, "Kai ma naka haƙoran nawa suka rage, ga ka kan babur?"

Bai yi dariya ba, ni ma sai tawa ta maƙale.

Masu sayen tsofaffin dawaki su loda a mota zuwa kudu sun zo, na ce su sha ruwa su kama hanya. 'Ya'yana suka kawo injin mai shan dizal, wanda ba ya neman dusa. Dokin kuwa muka kafa masa turke a gindin mangwaro a bakin gonar, ga inuwa, ga harawa, ga jiƙaƙƙiyar dusa saboda haƙora. Na yi masa jawabin sallama, na ce gwamnati ta gode, fansho zai riƙa fitowa safe da yamma.

Ranar da aka fara dafa ruwan rake, ƙanshi ya kai masa, sai ya miƙe ya ja igiya ta miƙe, ya shiga zagaye turken. Hannu ɗaya yake bi, irin na aiki. Aka tashi, ya tsaya. Washegari haka. Dusa kuwa sai ya sansana ya kau da kai, domin duk rayuwarsa bayan an kwance shi daga sanda yake ci. Muka ce zai saba. Har haƙarƙarinsa suka fito muna cewa zai saba.

Na aika wa malam. Ya zo ya tsaya yana kallon hanyar da kofato ya zana a ƙasa, ga jaka a hannu, bai buɗe ba.

"Ni da aka sallama, ko wata ban yi a gida ba na buɗe shago," ya ce. "Kuma ni ne na rubuta wa wani hutu."

Tsohon injin yana nan a kafe. Muka ɗaura wa dokin sandar ba rake. Ya ɗan taka, ya ji sakayau, ya tsaya ya waiwayo ya dube mu. Doki ba wawa ba ne. Sai muka riƙa cusa wa injin siraran rake ɗai-ɗai, tsofaffi biyu a durƙushe muna yi wa doki aiki. Ƙarfe ya yi ƙara, ya sa ƙirji ya ja. Da muka kwance shi ya cinye dusarsa tas.

Haka muka yi ta yi kowace safiya, amma jiki ya riga ya zube. Bai ga ƙarshen raken shekarar ba.

Da kaka ta zagayo, Bakanon ya zo kamar kullum. Ya gama da tumaki da shanu, sai na ga ya zaro wuƙar gyaran kofato ya nufi gindin mangwaro. Ya yi rabin hanya ya tuna. Ciyawa ta rufe ko'ina ban da zagayen nan.

Ya mayar da wuƙar cikin jaka, ya ce, "Bawana, ba ni ruwa in wanke hannu."