Ragon da Muka Kai wa Injin Bincike

Ban taɓa mantawa da ranar da ni da Perzidan, wato shugabanmu, muka ɗauki rago tun daga Madawa har Ƴamai don mu kai wa inji gaisuwa ba. Ku yaran yanzu masu shafa tarho da yatsa, ku yi dariyarku son ranku. Ni a lokacin ba ta dariya nake ba, makullin biro, wato ofis, ne ke shirin barin aljihuna.

A shekarar 1999 ni ne sakataren wata koperatif, wato ƙungiyar manoman albasa, a Madawa. Aikin sakatare shi ne ya zauna a taro ya rubuta abin da aka faɗa, ya buga a keken rubutu, ya kai wa Perzidan ya dangwala hannu. Doka ɗaya aka koya mini ran da na kama aiki: abin da Perzidan ya faɗa shi za ka rubuta, ba ƙari ba ragi.

Perzidan ɗinmu shi ne Alhaji Ɗan Tani, dogon mutum mai murya kamar ganga. Yana da taubashi a Tabotaki, cikin ƙasar Buza, mai suna Alhaji Mamman, shi ma perzidan ne na koperatif ɗin albasar can. Uwar wannan da uban wancan ciki ɗaya suka fito, kuma tun suna yara ba su da aiki sai gasa. Mamman ya sayi rediyo mai cin kaset ɗaya, Alhaji ya sayi mai cin biyu. Mamman ya dawo daga Makka da haƙorin zinari ɗaya, Alhaji ya dawo da biyu, ya yi wata guda yana murmushi ko a wurin ta'aziyya.

To, a wani taron suna ne Mamman ya ce albasarsu ta shiga anternet, har turawa na kallonta. Washegari Alhaji ya ce tamu ma sai ta shiga. A lokacin ko'ina cikin Madawa ba wanda ya taɓa ganin abin da idonsa. Yadda ake yi shi ne ka aika wa wani a Ƴamai ya buɗe maka shafi, wato kamar allon talla. Mai neman kaya kuma sai ya rubuta abin da yake so a injin bincike, injin ya jero masa shafuka daga sama zuwa ƙasa. Na sama ake kira, na ƙasa sai haƙuri. Na ɗauki hotunan buhunanmu, na haɗa da kuɗin aiki, na ba direba ya kai wa wani ɗan boko a Ƴamai, Mushe Lawali, wanda aka ce shi ke wa kowa wannan aiki. Bai daɗe ba ya aiko da adireshin shafinmu a takarda. Alhaji ya sa aka yi mata gilashi aka rataye a biro.

Cikin watan Fabrairu wani direban kamyo, babbar motar kaya, ya kawo saƙon Mamman. Wai a faɗa wa taubashi an bincika albasa a inji, Tabotaki ce a sama, Madawa kuwa ko a wutsiya ba a gan ta ba.

Alhaji ya dube ni, haƙoran nan biyu suka ɓace cikin baki.

"Isuhu, kai na ba wanga aiki. In anka yi asamble Mamman na bisa kaina, ka aje makullin biro ka koma ban ruwa."

Asamble ita ce babban taron shekara da ake yi bayan an cire albasa, kuma saura ƴan makonni. Matata na da tsohon ciki, ni kuwa rabona da guga tun ina ɗan lakwal, wato makarantar boko.

Da ya huce sai ya kawo nasa tunani. Ya ce duk inda ka ga layi akwai mai jera shi, kuma duk mai jera layi yana da baki. Mamman ya riga mu kai gaisuwa ne kawai. Na ce, "Ranka shi daɗe, inji na hwa." Ya ce ai injin niƙa ma yana da mai shi. Haka muka sayi farin rago mai ƙaho, aka ɗaure shi bisa mota, muka kama hanya. A wani shinge jandarma ya tambayi ragon na wane ne. Alhaji ya ce na injin bincike ne. Jandarman ya dube shi, ya dube ni, ya ce mu wuce, Allah ya ba da lafiya.

Biron Mushe Lawali ɗan ɗaki ne mai fanka ɗaya da ordinatar ɗaya, wato kwamfuta. Muka ɗaure rago a bakin ƙofa. Da ya haɗa layi, akwatin ya yi wani ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa. Alhaji ya tuɓe takalmi ya yi sallama.

"Ina mai jera sunayen shike?" in ji shi.

Lawali ya ce babu mutum, inji ne, yana can Amirka.

"To ba shi da yaro? Ba shi da mata? Ko maƙwabci ba shi da?"

Lawali ya danne dariya ya rubuta "albasar jihar Tawa" da faransanci. Ga Tabotaki a sama ƙiri-ƙiri. Ya sauka har ƙasa, babu mu. Sai na ce ya buɗe mana shafin Mamman, ya kuma buɗe namu da adireshin nan na cikin gilashi. Na karanta su duka biyun. Magana ɗaya ce, kalma da kalma, har ɗigo. Sunan gari da hoto kawai aka sake.

Lawali ko a jikinsa. Ya jawo wani faifai ya ce shi bai yi sata ba, wannan rubutu sayensa ya yi da lasisi, ga takardar izini, duk wanda ya biya yana da damar amfani da shi. Ya sa wa Tabotaki, ya sa wa wasu mutanen Keita, ya sa mana. Matsalar ita ce in injin ya ga magana ɗaya a wuri biyu, wanda ya fara gani yake riƙewa, saura ya watsar.

Na juya wa Alhaji da Hausa. Sai ya ce, "Ashe kirarin haya munka saya. Awa maroƙin da ke wa kowane ango waƙa guda, shi sake suna kawai. To karanta mini in ji abin da anka ce muna."

Na fara. "Albasarmu tana girma cikin iskar teku mai sanyi."

"Mi kac ce?"

"Teku, Perzidan." Na ci gaba. "Yayyafi na shayar da ita duk shekara. Kakanninmu masunta su suka fara kai ta ƙetare cikin jirgin ruwa."

Ashe rubutun na wasu manoman albasa ne na ƙasar turawa. Alhaji ya miƙe tsaye har hularsa ta taɓa fanka.

"Teku? Madawa? Ni da ke haƙa rijiya har in ji muryar aljannu kahin in ga laima? Kakana masunci? Mutumin da ko hura tac cika ruwa tsoronta shikai! Kuma Mamman, wanda garinsu ke bisa dutse, shi ma teku gare shi?"

Lawali ya ce abin da sauƙi. Injin yana son maganar da babu irinta a wani wuri. In Alhaji ya faɗi tasa, ta bakinsa, za a cire ta haya a sa ita.

"Isuhu, rubuta!"

Na jawo alƙalami da takarda. Jama'a, ban taɓa jin ruwan magana irin na ranar ba. Albasar Buza ƙarama ce kamar ƙwan zabo. Albasar Buza ko amarya ta yanka ba ta hawaye. Albasar Buza ba ta da yaji, yaro na iya cinta kamar gwaba. Albasar Buza ta shekara a rudu, rumbun albasa, ba ta ruɓe ba, don ko ruɓa ta raina ta. Alhaji Mamman na Tabotaki kaza, Alhaji Mamman na Tabotaki kaza. Da ya tsaya shan ruwa na ce, "Perzidan, ba mu ce komi bisa tamu albasa ba."

"Tamu ba ta bukatar yabo. Kowa ya san ta."

Doka doka ce. Na juya shi faransanci yadda ya faɗa, ba ƙari ba ragi, Lawali ya ɗora ƙarƙashin sunan koperatif ɗinmu. Da za mu tafi Alhaji ya bar masa ragon, ya ce in inji ya yi aikinsa a yanka a ba injin hanta.

Na dawo gida ina kwana ina tashi da zullumi. Kullum sai na leƙa gidan waya ko faks ya zo daga Lawali, har ma'aikatan suka daina amsa mini gaisuwa. Ana jibi asamble takarda ta iso. Sunanmu a sama, na Mamman a ƙarƙashi! Sai da na yi rawa a tsakar gidan waya kafin na duba abin da aka bincika. "Albasar Buza" ne. In aka bincika ta Madawa, har yanzu babu mu. Na faɗa wa Alhaji gaskiya. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Ai ya ma hi! Cikin gidanshi na kada shi." Ran asamble ya ɗaga takardar sama, aka yi ta tafi, mata na guɗa.

Bayan kamar mako biyu kamyo biyu suka tsaya a ƙofar biro. Wata madam ce daga Lome ta sauko, riƙe da shafinmu an buga a takarda. Alhaji ya sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo lemu mai sanyi. Ta sha, ta yi godiya, sannan ta ce don Allah a nuna mata hanyar Tabotaki. Ta daɗe tana neman albasa ƙanana marasa yaji da ba sa saurin ruɓewa, irinta masu otel ke so, kuma ba ta taɓa ganin inda aka yi bayaninta dalla-dalla kamar a shafinmu ba. Ni na fassara. Alhaji da kansa ya ɗaga hannu ya nuna mata arewa.

Ranar kasuwa sai ga saƙo daga Tabotaki: baƙin rago da gorar ruwan gishiri. Ɗan aiken ya ce Alhaji Mamman na gaisuwa. Gorar ruwan teku ce, a yi ban ruwa da ita. Ragon kuma tukwici ne ga maroƙinsa na Madawa.

Na zaro makullin na ajiye a gaban Alhaji, don na san tawa ta ƙare. Ya dubi ragon, ya dube ni.

"Isuhu, cikin injin nan wa ke bisa?"

"Kai na, Perzidan."

"To maida makullinka aljihu, ka kira mahauci."

Da wannan makulli na yi aiki har na yi ritaya. Abin da na koya kuwa, ku da ke wannan sana'a yanzu ku riƙe. Maganar haya, ko da lasisi ka saye ta, ba ta ɗaga ka, don injin ya riga ya ji ta a bakin wani. In kuma za ka faɗi taka, ka duba sunan wa ya fi yawa a bakinka, don inji bai san zagi ba, bai san yabo ba. Har Alhaji ya rasu, Allah ya jiƙansa, yana sama a kan albasar Buza, mutanen Tabotaki kuwa duk shekara sai sun aiko masa da rago.