Teɓar Malam da Dutsen Bayan Gidanmu

Ranar da likita ya gaya wa maigidana cewa jininsa ya hau, kuma dole ya rage ƙiba, a ƙafa ya dawo gida yana tura babur ɗinsa. Da mai a tankin, tsoron hawa kawai ya ji. Na san abin da ke ransa. Mahaifinsa mai jiki ne kamarsa, kuma a kasuwar Gwiwa ya yanke jiki ya faɗi ana cikin ciniki. Ɓarin jikinsa ya shanye, bai ga damina ta gaba ba. Shekarun Malam a lokacin sun kusa kama na marigayin. Na shimfiɗa masa tabarma.

Malam ma'aikaci ne a nan Kazaure, aikinsa zama: daga kujera sai babur, daga babur sai tabarma. Teɓar tasa kuwa a da abin yabo ce. Duk bikin da muka je sai dangi su dube shi su ce lallai na iya riƙon miji, ni kuma in sunkuyar da kai ina jin daɗi.

Likita ya gaya masa abubuwa da yawa, amma biyu kawai ya shigo da su gida: ya rage ci, ya motsa jiki. Sauran duk ya baro su a asibiti. Washegari da aka idar da sallar asuba ya nufi dutsen da ke bayan unguwarmu. Mutumin da ko kantin bakin titi ba ya zuwa sai a babur, wai shi ne zai hau dutse! Ya hau da safe, ya hau da yamma, ba Juma'a ba Lahadi. Karin kumallo ya daina, na rana ya daina, sai ruwan zafi da lemun tsami. In na ajiye masa tuwo sai ya kalle shi kamar ya ga maciji. Barci ma ya ƙaurace masa, don yunwa ba ta barin mutum ya runtsa, ga fargaba a kai.

Abin haushin, yunwar kan ci ƙarfinsa. In ya kwana biyu yana wannan azaba, sai in tsinci takardar tsire a aljihun rigarsa, ta jiƙe sharkaf da mai, ga murfin kwalbar lemo. Ya ci a tsaye a bakin titi, ya dawo yana jin haushin kansa, haushin ya sauka a kaina da yara. Fuskarsa ta zabge, idanunsa suka faɗa, wuyan riga ya yi masa yawa. Teɓa kuwa tana nan daram, ko gezau.

Da lokacin komawa asibiti ya yi, na ce ƙafarsa ƙafata. Likitan ya dube shi ya girgiza kai.

"Malam, ai ba haka muka yi da kai ba. Naman jikinka kake zubarwa, kitsen yana nan. Jikin da bai samu barci ba, ba ya sakin kitse, sai ma ya ƙara maka kwaɗayi. Ka yi tafiya yau, gobe ka huta. Ka ci abinci a kan lokaci: wake, kifi, ƙwai, zogale, rama. Tuwon a rage, mai da gishiri a rage, lemon kwalba a bar shi. Maganin kuma kada ka yi wasa da shi."

Malam ya ce to, to, to. Muna fita ya ce mini, "Hutu? Ai hutun ne ya kawo ni nan."

"Malam, ka ji tsoron Allah. Kai ka fi likita sani?"

"Ke ba ki ga yadda aka ɗauko Baba daga kasuwa ba. Ni na gani."

Daga nan kullum ya fita sai in tsaya a tsakar gida da tsintsiya a hannu, ina kasa kunne ko wani zai yi sallama da gudu. In aka buga ƙofa da ƙarfi, sai in yar da tsintsiyar in ruga zaure. Wallahi na fi tsoron dutsen nan a kan hawan jinin.

A wurinmu ba a gaya wa mutum ya rame a matsayin yabo. In an ce ka rame, tambaya ake yi: ciwo ne ko damuwa, ko matarka ce ba ta kula da kai? Maganar ta zaga unguwa, ta bi motar kasuwa har Gwiwa, ta isa kunnen Inna, mahaifiyarsa. Inna Bafulatana ce, Malam kuma ɗan farinta. Tun da na shigo gidan ban taɓa jin ta kama sunansa ba, ban taɓa ganin ta dube shi ido cikin ido ba. In ya durƙusa gaishe ta, bango take amsa wa. In tana da saƙo, ni take ba, ko da yana zaune a gefe. Gidanmu ma ba ta kwana.

Sai ga ta wata Laraba da ƙullin kaya da kwalbar man shanu. Ta zauna, ta sha ruwa, ta dubi ƙasa.

"Me ke damun mutumin naki?"

"Inna, likita ne ya ce ya rage jiki."

"Likita ne ke neman mutum da rama? Yau na ji abin da ban taɓa ji ba. Ungo wannan, ki riƙa zuba masa a miya."

Na karɓa. Ban taɓa musa mata ba, amma ranar na durƙusa na ce, "Inna, ki gafarce ni, an hana shi. Ciwon Baba ne gare shi." Na gaya mata komai, har da hutun da aka ce ya yi ya ƙi, da abincin da ake maido mini yadda na kai shi. Da magariba ta yi na ga ba ta da niyyar tafiya, sai na gyara mata ɗakin yara.

Jim kaɗan bayan nan Malam ya dawo daga dutse da jini a gwiwar wandonsa. Jiri ne ya kwashe shi wajen saukowa, Allah ya sa wasu makiyaya suna kusa suka kama shi. Ya ce santsi ne. Santsi a tsakiyar rani! Na wanke masa ciwon ina kuka ina faɗa, na ce in mutuwa yake gudu to ga shi yana bin ta da ƙafarsa har kan dutse. Abincin dare ma bai taɓa ba.

Da safe, bayan ya dawo daga masallaci, na ji yana laluben takalminsa na tafiya. Na fito na tare ƙofar zaure, amma na san ba zan iya hana shi ba. Inna tana zaune a kan tabarmar sallarta a tsakar gida, carbi a hannu. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta kamar kullum, ya miƙe yana ɗingishi.

"Kai."

Ni da shi duka muka waiga, don ba mu san da wa take ba. Ta ɗago kai, idonta a cikin nasa.

"Da kai nake. Ajiye takalmin nan. Na binne ubanka, ba zan zauna in ga an shigo da kai a kafaɗa ba. Ka ci abin da yarinyar nan ta dafa, ka shiga ka kwanta."

Malam ya tsaya da takalmi ɗaya a hannu. Mutum mai furfura a gemu, sai ga hawaye yana bin fuskarsa. Ya zauna a nan ƙasa inda yake. Na kawo masa faten wake da zogale, ya cinye tas tana kallonsa, bai bar ko loma ba. Ya shiga ɗaki, kafin in kwashe kwanuka har ya fara minshari.

Inna ta ja tabarmarta zuwa bakin ƙofar ɗakin ta zauna. Da yara suka fito da hayaniyar shirin makaranta, ta ɗaga musu hannu.

"Ku yi a hankali," ta ce. "Ɗana yana barci."