Wainar da Inna Ta Toya Saboda Ɗan Wata

Ko tsufa zai kwashe min komai a kai, ba zan manta ranar da Innarmu ta yi bakance saboda wani Bature da ba ta ma san sunansa ba.

Lokacin kaka ne, na je ganin gida Tudun Wada, muna tsakar gida muna ɓarar masara da hantsi. Ni kuwa da shegen son waya, na buɗe wani bidiyo da aka turo min. Wani Bature ne aka ɗaga cikin ɗan akwati a jikin ƙaton balan-balan, ya yi ta tafiya har sama ta koma baƙa, wai zai diro daga inda ba wanda ya taɓa dirowa. An daɗe da yin abin, na ma san ya sauka lafiya.

Inna na leƙowa gabana ya faɗi. Shekarun baya, yayanmu daga saman motar masara ya faɗo a Kwanar Dangora, ko shurawa bai yi ba. Shi ne ɗanta na fari, saboda haka kunya ta hana ta kuka, har sunansa ba ta taɓa faɗa ba. Ta haɗiye abin ya zame mata hawan jini. Na kai hannu zan kife wayar, ta riƙe ni.

"Wannan matar da ke share hawaye fa?" ta tambaye ni, tana nuna wata mata a bidiyon.

"Mahaifiyarsa ce, Inna."

"Kuma tana kallo?"

Kafin in amsa, mutumin ya tsaya bakin ƙofa ya saki jikinsa. Can sai ya fara juyawa a iska kamar mazari. Inna ta saki masarar hannunta, ta ce, "Ya Allah, in Ka sauko mata da shi da rai, zan toya waina in yi sadaka." Na buɗe baki in ce mata tsohon abu ne, ta ce, "Ke, yi min shiru. Me kika sani?"

Laimar saukar da ke bayansa ta buɗe. Ya sauko a hankali, ya taka ƙasa da ƙafafunsa, ya durƙusa. Inna ta kifa kai a kan tabarma ta fashe da kuka, irin wanda ban taɓa jin ta yi ba tun da aka haife ni. Tausayinta ya kama ni, nima na sa nawa. Babanmu ya leƙo daga zaure, ya dube ta, ya juya ya koma.

Washegari ta jiƙa shinkafa, ta toya waina, aka bi maƙwabta gida-gida. Duk wadda ta tambayi dalili sai ta ce, "Ɗan wata ne Allah Ya sauko mata da shi."

Har ta rasu ban gaya mata an daɗe da yin abin ba. Tun daga ranar, in na ga uwa ta yi shiru a gidan makoki, ba na cewa dauriya gare ta. Kusa da ita nake zuwa in zauna.